Gashin amarya da ruwan kulorin: abin da ya faru a wani gidan gona daga Afrilu zuwa Disamba

Asalin lamarin

Ƙauyen yana kudancin Kano, yankin Kura da Bunkure ɗin nan da ake noman rani da ruwan kanal mai zuwa daga dam ɗin Tiga. Duk wanda ya tashi a wajen ya san a kanal yara maza suke koyon iyo, ya kuma san abin da suke kwasowa a ciki, tsargiya, yaro ya dinga fitsarin jini har wasu iyayen su ɗauka alamar girma ce. Mata kuwa ba mai barinsu, da sun fara tasawa shikenan su da ruwa sai na wanka da wanki.

Akwai wani dattijo a garin, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya dawo gida ya kafa gidan gona, kaji da kifi da 'yan shanu. Hatsarin jirgin ruwan Bagwai na ranar 30 ga Nuwamba 2021, wanda mutum kusan talatin suka rasu a dam ɗin Watari mafi yawansu yara 'yan Islamiyya, ya tsaya masa a rai sosai, yace shi kam jikokinsa mata da maza sai sun iya ruwa. Ya sa aka gina kwami na siminti aka bi shi da tayil, tsawo mita 10, faɗi mita 5, zurfi wajen mita 1.2, lita dubu 60 kenan in an cika shi. Ruwan bohol ake turawa da sola, da ɗan famfo da matatar yashi. Aka zagaye da doguwar katanga, aka ware wa mata safiyar Asabar da Lahadi da yammacin Laraba, ba namijin da yake leƙawa. Mutanen gari suwimin suke ce masa.

Wadda abin ya sama 'yar ƙanwar dattijon ce, shekararta 23, ta gama NCE tana koyarwa a firamaren garin, an sa bikinta watan Disamba. Yarinya ce da aka sani da gashi. Tun tana aji uku a sakandare take sa rilaksa, duk bayan wata uku ko huɗu ta je ritocin. A farkon Afrilu makitsiyarta ta auna da tef ɗin tela saboda suna hirar irin gyaran da za a yi na biki, santimita 28 daga tsakiyar kai in an miƙar. Tana da ƙanwa 'yar shekara 15 da ba a taɓa sa wa kanta rilaksa ba, tare suke zuwa suwimin ɗin rana ɗaya lokaci ɗaya.

Mai kula da ruwan kuma maigadin gidan gonar ne, dattijo mai riƙon amana wallahi, an ba shi bokitin farin garin kulorin aka ce ya dinga zubawa kada ruwan ya lalace. Iyakar bayanin da aka yi masa kenan. Duk daren Juma'a bayan isha yake zubawa don mata su tarar da ruwa tas da safe.

Afrilu zuwa tsakiyar Mayu: yadda ya fara

Bayan ƙaramar sallah amaryar ta fara shiga ruwan, lokacin da zafin bazara yake kai maki 40 da rana. Sau uku a sati, awa ɗaya wani lokacin awa ɗaya da rabi don ta ɗauki abin da zafi tana son ta iya kafin a kai ta ɗaki. Dogon wando take sawa da riga mai dogon hannu, kai kuma hular yadi irin ta cikin hijabi. Da busasshen kai take faɗawa ruwan. In ta fito ta matse hular ta mayar, ta zumbula hijabi ta wuce gida, ranar Asabar ga wanki ga girki, wanke kai sai dare ko ma sai washegari, wani satin ma ba ta wankewa sam tunda kitso ne a kan, ƙananan shuku da ataci da ake barinsu sati uku.

A sati na uku ta fara jin kan ya yi kaushi, filonta yana warin Hypo, idonta kuma ja duk ranar Asabar har ɗalibai suna tambaya ranar Litinin ko Anti ba ta da lafiya. Wajen sati na biyar bakin gashin ya fara komawa ja-ja kamar wanda rana ta daɗe tana duka.

Ranar tsifa ta tsakiyar Mayu abin ya fito fili. Makitsiyar ta shimfiɗa farin buhu a ƙasa kamar yadda ta saba, kafin a gama rabin kai buhun ya yi baƙi da gutsattsarin gashi, matajin yana shiga yana fitowa da dunƙule. Ta dakata tace "ƙanwata me kike sa wa kan nan ne? Wannan ai ba kanki ba ne da na sani." Tace "wallahi Yaya ba abin da na canja, sai dai suwimin ɗin Kawu da nake zuwa." Makitsiyar tace ruwa ai ba ya cin gashi, ta nemi mai dai ta dinga shafawa. Awon ranar ya nuna santimita 24.

Tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni: abubuwan da aka fara gwadawa

Na farko mai. Ta sayi man kanti mai kauri irin mai kama da basilin, tana dawowa daga ruwa ta lafta a kan jiƙaƙƙen kitso ba tare da ta ɗauraye ba. Kan ya yi sheƙi na kwana ɗaya, warin bai tafi ba, fatar kai ta fara ƙaiƙayi, amosani ya taso.

Da ta ga haka sai ta juya ɗaya ɓangaren, wanki duk ranar da ta shiga ruwa. Ummanta tace ta bar shamfun kanti ta koma sabulun salo, wata maƙwabciya ta ƙara da cewa a jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗauraya tana kashe wari. Sati biyu ana haka. Warin ya ragu gaskiya, amma gashin ya bushe ƙamas, in ka kama sili ɗaya ka ɗan ja sai ya tsinke ba ya ko miƙewa.

Aka gwada rufe kan da leda a ɗaura ɗankwali a sama. Minti biyar ruwa ya shige ta ƙeya ya taru a cikin ledar, ta gama iyon da kai a jiƙe a cikin ruwan da ba ya fita. Wani ɗan uwansu ya kawo mata hular iyo daga birni, siririyar roba irin ta safar hannun asibiti, ƙarama ce ga kan da ke da shuku da ataci, sai ta ja da ƙarfi take shiga, wajen cirewa kuma ta kama gashin gaban goshi ta tafi da shi. Sau huɗu ta sa ta yage.

A nan ne maganganu suka fara yawo a gida, kun dai san yadda muke. Wasu suka ce baki ne, yarinya an sa mata rana ga gashi kowa yana yabawa. Wasu suka ce ruwan da aka tara a rufe ba a rasa mutanen ɓoye a ciki. Aka karɓo rubutu da hayaƙi, ta yi addu'o'inta, ta ci gaba da zuwa ruwa yadda ta saba.

Gab da babbar sallah: ritocin da rini

Saboda sallah ta shiga wani salun a garin da ke kusa. Mai salun ɗin ta taɓa kan tace ƙasan ne ya taso shi ya sa yake kaushi, ritocin yake so. Aka sa rilaksa, kuma ba a tsaya a sabon tsiro ba, aka ja man har baki wai don ya kwanta gaba ɗaya. A zama ɗaya aka bi da baƙin rini mai haɗi biyu don a rufe jan nan, aka busar da handiraya mai zafi. Ranar sallah kan ya yi kyau, baƙi wuluk ya kwanta luf, hotuna suna nan. Kwana huɗu bayan haka ta koma suwimin safiyar Asabar.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Cikin kwana goma gashin ƙeya ya dawo santimita 17, gefe da gefen goshi wasu wuraren bai fi santimita 4 ba, in an jiƙa shi sai ya yi laushi yana miƙewa yana tsinkewa a hannu. Ta daina cire ɗankwali ko a tsakar gida. Ta daina zuwa ruwa daga ƙarshen Yuni.

Farkon Yuli: asibiti

Ummanta ce ta matsa aka je asibitin garin don tana tsoron ko ciwo ne a jiki. Ma'aikaciyar lafiyar ta duba fatar kai da fitila, babu makero, babu ƙuraje, babu wurin da ya yi santsi fes irin na cutar da ke zubar da gashi daga tushe. Aka auna jini ya fito daidai. Ta tambayi ko ta yi zazzaɓi mai tsanani ko rashin lafiya a watannin baya, babu.

Sai ta sa aka taje kan a kan farar takarda, ta ɗauki silin tana duba ɗaya bayan ɗaya. Tace "Umma ku matso ku gani. Gashin da ya fita daga tushe dogo ne kuma za ku ga ɗan farin ƙulli a gindinsa, wannan kowa yana zubar da 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ne. Ku duba waɗannan, gajeru ne, ba ƙulli, bakinsu a tsage. Karyewa yake a tsakiya, tushen lafiyarsa ƙalau. Abin daga waje yake zuwa." Ba ta rubuta magani ba, tace a bar rilaksa da rini, a kuma bincika ruwan da take shiga.

Sati na biyu na Yuli: an daina zuba kulorin

Da labari ya kai wa Kawu ransa ya ɓaci, yace shi ya gina abu don alheri ga shi ya jawo wa 'yarsa asara. Ya ce da maigadi daga yau kada ya sake zuba garin nan, ruwan bohol ne mai tsabta me zai same shi. Damina ta zauna lokacin, ga ruwan sama yana wanko ƙura, ga yara sun fi goma suna shiga. Kwana biyar ruwan ya fara kore, bangon ya yi santsi, a kwana na takwas ba a ganin tayil ɗin ƙasa, kuma wannan kaɗai haɗari ne don yaro zai nutse ba a gan shi ba. Yara biyu suka kama ciwon kunne, ɗaya ido. Aka rufe wurin, aka zubar da lita dubu 60 a gona, aka wanke aka sake cikawa.

Tsakiyar Yuli: ranar da aka auna ruwan

A nan na shigo maganar, kasancewar kimiyya nake koyarwa a sakandare kuma gidan ba baƙona ba ne. Na samo takardun awon ruwa a kasuwar Sabon Gari, 'yan siraran nan da ake tsomawa a ciro a jira daƙiƙa 15 sai a gwada launinsu da jadawalin jikin kwalbar. Muka roƙi maigadi ya zuba garin daren Juma'a daidai yadda ya saba kada ya rage komai. Ya ɗauko wani babban gwangwani ya cika, muka ɗora a sikelin da ake auna abincin kifi, kilo ɗaya ba kaɗan.

Lissafin ba wuya. Garin irin wanda kashi 65 cikin 100 nasa kulorin ne, kilo ɗaya giram 650 kenan, a raba a lita dubu 60 ya ba da kusan miligiram 11 a kowace lita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 kan wuraren iyo tace kada ya wuce miligiram 3 a lita a kwamin da jama'a suke shiga, abin da aka saba riƙewa 1 zuwa 3 ne, pH kuma, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya karkata ɓangaren tsami ko ɓangaren kanwa, tsakanin 7.2 da 7.8. Safiyar Asabar ƙarfe bakwai, lokacin da mata suke shiga, takardar ta tafi launi na ƙarshe a jadawalin wato 10, pH ya haura 8 don shi wannan garin yana ɗaga pH. Safiyar Lahadi ya sauko ƙasa da 2 saboda rana tana cinye kulorin da sauri a buɗaɗɗen ruwa. Yammacin Laraba takardar ko motsi ba ta yi ba, sifili.

Maigadi ya yi shiru can yace "Malama ni fa cewa aka yi na zuba, ba wanda ya ce min ga yawansa, na ga in na cika gwangwanin ruwan ya fi haske." Kawu yace "Malam ba laifinka ba ne, ni ban tambaya ba."

Ƙarshen Yuli zuwa Oktoba: sabon tsari

Kawu ya ɗauko mai gyaran irin waɗannan wuraren daga Kano ya sauko da pH ɗin zuwa 7.4, ya koya wa maigadi aikin. Kusan giram 90 na garin yana ɗaga ruwan kwamin da miligiram 1 a lita, don haka aka yanka masa ƙaramar roba a matsayin ma'auni, ya dinga zuba kaɗan kullum da yamma bayan kowa ya fita, a narkar a bokitin ruwa tukuna, garin ake zubawa a ruwa ba ruwa a kan gari ba, kuma kada ya kuskura ya haɗa shi da ruwan asid ɗin rage pH ko ya ajiye su waje ɗaya don hayaƙin da suke bayarwa yana kisa. Kafin kowa ya shiga a tsoma takarda, in ya wuce 3 a jira, in bai kai 1 ba a ƙara a jira. Aka sa littafi ana rubutawa. Aka kafa famfo a bakin ƙofa, kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga, yara su yi fitsari tukuna. Jan ido da warin nan mai hawa kai da mutane suke cewa na kulorin ne, mafi yawansa daga haɗuwar kulorin da gumi da fitsari yake tasowa, cikin sati biyu da fara wannan ya ragu sosai.

Ita kuma makitsiyar ta datse duk inda ya tsage, ya dawo santimita 13, amaryar ta yi kuka ranar kam. Aka bar rilaksa, rini, handiraya da ataci gaba ɗaya. Kitso ya koma manyan kalaba guda takwas marasa tsauri, gaban goshi ba a kama shi.

Ta koma ruwa a satin farko na Agusta, sau biyu a sati, minti 45. Kafin ta shiga sai ta tsaya a famfo ta jiƙa kan sharkaf, ba yayyafi ba, tana matsa kowace kalaba har ruwan ya ratsa ciki, wannan yana ɗaukar minti biyu zuwa uku don gashi mai cika ba ya jiƙewa nan take. Sai ta shafa man kwakwa kamar rabin ƙaramin cokali daga tsakiya zuwa baki, ba ta kai shi fatar kai ba. An gwada fiye da haka sau ɗaya, hular ta dinga zamewa ga maiƙo a saman ruwa, aka dawo rabin cokali. Sannan hular silikon babba mai ɗaki a baya, wadda ango ya aiko da ita. Su hulunan iyo na yau da kullum ba da irin kanmu aka auna su ba, har a gasar duniya an yi wannan rigimar, a 2021 hukumar iyo ta duniya FINA ta hana amfani da hular Soul Cap da aka yi don masu cikar gashi da kitso a wasannin Olamfik na Tokyo, sai a Satumba 2022 ta amince da ita. Ko babbar ma ba ta hana ruwa shiga ɗungurungum, ƙeya da gefen kunne suna jiƙewa, tsakiya dai yana tsira.

Tana fitowa kafin ta canja kaya sai famfo, ɗauraya ta minti uku zuwa biyar. Na haɗa mata ƙwayoyin bitamin C farare na kyamis guda goma a daka a zuba a rabin lita na ruwa, ta fesa a kan ta bar shi minti ɗaya ta sake ɗaurayewa, bitamin C yana kashe ƙarfin kulorin nan take, amma sabo ake haɗawa duk ranar don ba ya ajiyuwa. Shamfu mai sauƙi sau ɗaya a sati kawai, a bi da kwandishina. Ranar tsifa karkashi ake jiƙawa a shafa, yauƙinsa yana sa mataji mai manyan haƙora ya wuce ba ja, ana farawa daga baki a hau sama. Man kaɗanya a bakin kalabar bayan an tsane da tsohuwar riga mai laushi. Sai ta zauna a inuwa cikin katangar kan ya sha iska kafin hijabi ya hau.

Tsifar ƙarshen Agusta an samu gutsattsari a buhu amma bai kai rabin na Mayu ba. Ta ƙarshen Satumba abin da aka tattara bai cika tafin hannu ba kuma yawanci dogaye ne masu farin ƙulli. A Oktoba aka sake datse santimita 2 na tsohon baki.

Nuwamba zuwa Disamba: inda aka tsaya

Da hunturu ya shigo ruwan ya yi sanyi, ta daina shiga a tsakiyar Nuwamba, lokacin tana iya tsallake mita 10 ɗin ta dawo ba hutawa. Sati ɗaya kafin biki aka auna, santimita 16, wajen 5 daga ciki sabon tsiro ne baƙi mai ƙarfi wanda bai taɓa ganin rilaksa ba, daidai da yadda gashi yake tsiro kusan santimita 1 a wata. Sauran tsohon gashin yana nan da rauninsa, ya daina karyewa da yawa amma bai dawo yadda yake a da ba, kuma mahaɗar sabo da tsoho sai an bi a hankali wajen taza. Gaban goshi na dama ya cike, na hagu da saura. Kitson biki da nata gashin aka yi shi, ba ƙari.

Ƙanwar kuwa da ta dinga shiga ruwa iri ɗaya tun Afrilu, nata ya yi kaushi ya ɗan yi ja a baki, aka datse santimita 2, cikin wata ɗaya da sabon tsarin ya warware.

Me ya yi aiki, me bai yi ba, kuma don me

Kulorin dangin Hypo ɗin da muke wanki da shi ne, aikinsa ya ƙone ƙwayoyin cuta, kuma ba ya tantance ƙwayar cuta da gashi. Yana wanke maiƙon da fatar kai take shafa wa gashi, ya ɗaɗɗaga ɓawon da ke lulluɓe da kowane sili, in ya samu shiga ciki ya taɓa sinadarin keratin, wato abin da aka gina silin da shi, da kuma abin da ke ba gashi baƙinsa, daga nan jan ya fito. A miligiram 1 zuwa 3 wannan ɓarnar a hankali take tafiya kuma ana iya tare ta. A 10 kuwa, duk Asabar, awa ɗaya da rabi, labarin daban ne. Shi ya sa a ganina awon ruwan shi ne babban abin da ya juya lamarin, da ba a yi shi ba duk dabarun da suka biyo baya rage zafi kawai za su yi. Kuma kwalbar takardun ba ta kai kuɗin zama ɗaya a salun ba.

Na biyu rilaksa. Gashi a yanayinsa pH ɗinsa 4.5 zuwa 5.5 ne, rilaksa kuwa 12 zuwa sama, kuma da gangan yake karya ƙullin da ke riƙe da sili don ya miƙe, ƙullin da ya karye ba ya komawa. Gashin da aka shekara takwas ana yi wa haka a buɗe yake, ruwa yana shiga ba shamaki. Bambancin da aka gani tsakaninta da ƙanwarta ya isa shaida. Ritocin ɗin Yuni da aka ja har baki aka kuma ɗora rini a rana ɗaya shi ya fi komai ɓarna a duk watannin nan, gashin ƙeya ya dawo santimita 17 cikin kwana goma, kuma wannan ya ba ni haushi ƙwarai don mai salun da ta tambaya ko tana shiga ruwa da ba ta taɓa kan ba. Sabulun salo da kanwa su ma ɓangaren rilaksa suke a ma'aunin pH, sabulu yana wajen 9 zuwa 10, sun ƙara buɗe abin da ya riga ya buɗe. Man kanti ba shi da laifi a karan kansa, lokacin sa shi ne ya zo a baibai, an rufe ruwan kulorin a ciki maimakon a fitar da shi. Hular yadi da leda da hijabi a kan jiƙaƙƙen kai sun mayar da iyon awa ɗaya jiƙon wuni guda.

A cikin abin da ita ta yi da hannunta, jiƙa kai kafin shiga da ɗauraya nan take su na fi ba wa muhimmanci, kuma kyauta ne. Gashi yana shan ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, kamar sabuwar randa yake, ruwan farko shi take shanyewa, in ta ƙoshi na baya ba ya samun wuri sosai. Man kwakwa ya taimaka, wani bincike da aka yi a Indiya a 2003 kan wanki da taza ya gwada shi da man sanfulawa da man kanti na fetur, shi kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi sosai saboda yana ratsa cikin silin. Hular silikon ta taimaka wajen rage ruwan da ke kai wa tsakiya da kuma daina fizgar goshi. Bitamin C ya kawar da wari, amma tunda aka daidaita ruwan ko ranar da ta manta ba ta haɗa ba ba a ga wani bambanci a tsifa ba, don haka ni ƙari na ɗauke shi.

Daina zuba kulorin kuwa kuskure ne da bai kamata a maimaita ba ko a ina, gashi yana sake tsirowa, kunnen yaro da idonsa ba abin gwaji ba ne, kuma in aka rufe suwimin ɗin kanal yaran za su koma.

Yanzu mata uku ne masu rilaksa suke zuwa wurin, an ce da su su bar aƙalla sati ɗaya tsakanin ritocin da shiga ruwa kuma kada a ja man ya wuce sabon tsiro. Matsalar da ta rage ita ce takardun awo, kwalba ɗaya guda 50 ce, in ana tsomawa safe da yamma ba ta kai wata ɗaya, ba a samunsu sai an shiga Kano, kuma in murfin ya kwana a buɗe a damina danshi yana lalata su. Kawu ya ɗora wa direban da ke kai ƙwai birni duk sati alhakin sayowa, maigadi kuma ya faɗa tun da sauran guda goma.